Nomau da Tulun Iri

Don girman Allah, duk wanda takardar nan ta faɗa hannunsa kada ya faɗi sunana. Ban rubuta shi ba, amma in kun gane ni ku yi kamar ba ku gane ba. Aji uku na tsaya, in kun ga kuskure ku wuce. Sunayen mutanen ma duk na canza su.

A wani ƙauye da ba zan faɗa ba, akwai gidan wata tsohuwa, mu ce Iya Lantana. Su biyar ne a gidan. Ita, da ɗanta Nomau, da Habi matar babban ɗanta wanda ya tafi ci-rani shekara uku ba saƙo ba labari, sai 'ya'yan Habi biyu, wata yarinya da ɗan yaye mai suna Ɗanjuma. Nomau ƙato ne, ya kai talatin, buhu yake saɓawa kamar matashin kai. Ba mahaukaci ba ne. Yana sallarsa, ba ya zagi. Abinsa ɗaya, maganar da aka gaya masa ita zai yi, ba ƙari ba ragi. Iya ta sani, amma kullum sai ta faɗa sannan take tunawa da wa take magana.

Wata rana malamin gona ya zo a babur ya tara maza a gindin tsamiya, Iya tana ji ta bayan danga. Ya ce ganye shi ne madafin shuka, rana ce wutar, abin da aka dafa kuma shi ake turawa cikin ƙwaya a ajiye. Ya ce shukar da ke inuwa yunwa take ji. Maganar ta shiga Iya. Ta ce, "Nomau, gobe ka je gona, duk abin da ka ga ya tare wa ganyen gero rana, ka cire shi." Ita ciyawa take nufi da rassan wata bishiya ta kan iyaka. Ya je ya cire su tas. Da rana ta take sai ya duƙa, ya ga ganyen sama ya yi wa na ƙasa inuwa. Ya tsige. Na ƙasan ma ya ga ya rufe na ƙasansa. Kafin la'asar rabin gonar ta zama kara zalla, kowanne da ganye ɗaya a gindi. Maƙwabcinsu Baba Jatau ne ya shigo yana haki ya ce, "Lantana, aski kika tura ɗanki ya yi wa gero?" Nomau ya dawo yana murna ya ce, "Iya, yanzu kowane ganye yana ganin rana." Rabin nan ya fitar da kai, amma in ka murza zangarniyar sai ƙaiƙayi. Shekarar kuma ruwa ya ɗauke da wuri. Gonar da ke ba da dami arba'in, tara ta ba su.

Wata rana Iya ta dubi ragonta, shi kaɗai ne dabbar da ta rage mata, ta ga harawa ta ƙare, dole a kai shi kiwo fadama. Ta ce, "Kada ka bar shi yana ta tafiya, tafiya ce ke cinye kitse." Nomau ya ce to. Ya saɓa ragon a wuya har fadama, ya sauke shi a kan ciyawa. In ya cinye ta gabansa, sai ya ɗaga shi ya matsar gaba. Da yamma ya sake saɓo shi. Iya ciwon ƙafa ya hana ta fita, ba ta sani ba, ta dai ga Nomau yana lashe malmala huɗu yana kallon tukunya, ga shi sai ramewa yake. Habi ta ce, "Iya, ƙanin mijin nan nawa aljani ya shiga cikinsa ne?" Kwana ashirin ana haka. Ragon ya ɗan yi kumari, amma geron da ya shiga cikin Nomau ya isa a ciyar da raguna uku. Ranar ƙarshe santsi ya kwashe Nomau a gangaren rafi, ragon ya karya wuya, da kyar aka samu aka yanka. Kitsen da aka soya bai cika ƙaramin kwano ba. Iya ta daɗe tana kallon kwanon.

Daga nan yunwa ta shigo sosai. Aka koma ci sau ɗaya, aka koma tafasa da dusa, aka koma tafasa kaɗai. Yara suka daina guje-guje a gari ba tare da an hana su ba.

Wata rana Iya ta ga Nomau yana ta zagaye tsakar gida, ta ce, "Kai, zauna wuri ɗaya kada ka motsa. Ɗan abin da ka ci shi ne zai kai ka gobe, kada ka ƙone shi a banza." Ya zauna a kan turmi. Su kuma suka tafi neman ganye. Kaza ɗaya ce ta rage, ita ke ba da ƙwan da ake dafa wa Ɗanjuma. Tana tonon gara a gindin danga sai shirwa ta sauko, taku uku daga ƙafar Nomau. Kazar ta yi nauyi, sai da suka yi ta kokawa a ƙasa kafin ta iya tashi da ita. Da su Iya suka dawo, ga gashi a warwatse, ga Nomau a kan turmi hawaye na zuba, bai ko share ba. Habi ta yi kansa ta ce, "Kana kallo? Kana kallo, Nomau?" Ya ce, "Iya ta ce kada in motsa." Can kuma ya ɗaga kai ya ce, "Duk dusar da muka ba ta, ga ta can sama." Ba wanda ya yi dariya.

Abin da ya rage a gidan shi ne iri. Tiya uku na gero, zaɓaɓɓe, a cikin tulu an liƙe bakin da laka. Gidaje da yawa sun riga sun daka nasu. Iya ta san wanda ya ci iri, ko ruwa ya zo kamar da bakin ƙwarya, kallon gona zai yi. Amma sau biyu tana kama hannunta a kan lakar nan yana ɓantara.

Wata rana da safe ta kira Nomau bayan ɗaki ta ɗora masa tulun. Ta ce, "Ka kai inda hannun ɗan Adam ba ya shiga. Kada ka gaya wa kowa. Ko ni, ko na yi kuka, ko na durƙusa maka. Sai ranar ruwan shuka." Ya ce to. Ya fita, sai yamma ya dawo da tulun fayau.

Bayan kwana shida wasu maza suka fara bi gida gida, wai duk mai hatsi a ɓoye ya fito da shi a raba. Suka tona ƙasan ɗakin Iya, suka leƙa rumbu, har rijiya suka zura fitila. Baba Jatau na cikinsu. Ya dafa Nomau ya ce, "Nomau na Iya, ƙaton gari, ina irin tsohuwa?" Ya ce, "Na kai." "Ina?" "An ce kada in faɗa." Wani ya kwaɗa masa mari har leɓe ya fashe. Ya tsaya yana kallonsu. Suka gaji suka tafi.

Sai ƙafafun Ɗanjuma suka kumbura, gashinsa ya yi ja, kuka ma ya daina. Wata tsohuwa ta duba shi ta ce kunu yake so, ko ludayi biyu a rana.

Wata rana Habi ta shimfiɗe shi a gaban Iya. Iya ta rarrafa har inda Nomau yake, ta kama ƙafarsa. Ta ce, "Na janye. Ni na faɗa, ni na janye. Je ka ɗebo ko tafi ɗaya." Ya ce, "Kin ce ko kin durƙusa." Ta ce, "Don nonon da ka sha, Nomau." Ya ce, "Kin ce ko kin yi kuka." Habi ta ɗauki muciya ta yi ta dukansa har ta karye. Shi ma kukan yake, yana cewa, "Ba a yi ruwa ba. Ba a yi ruwa ba." Kwana huɗu bayan nan Ɗanjuma ya rasu. Nomau ne ya ɗauke shi a tabarma zuwa maƙabarta. Tun ranar Habi ba ta sake kiran sunansa ba.

Wata rana, bayan wata guda, hadari ya haɗo da hantsi, aka yi ruwa kamar ba za a daina ba. Gari ya yi ƙamshin ƙasa, amma ba mai fita da sungumi, don ba abin da za a zuba a rami. Washegari da rana ta fito Nomau ya zo ya ce, "Iya, an yi ruwa." Ya goya ta a baya har gefen maƙabarta, wajen wata ƙaya, taku kaɗan daga sabon ƙaramin kabari. Ya ce, "Ga masu ajiyar. Raminsu ko yatsa ba ya shiga." Gidan tururuwa ne. Iya ta buɗe baki za ta tsine masa, sai ta duba ƙasa. Ruwa ya shiga ramin, tururuwan sun yi layi suna fito da geron ƙwaya ƙwaya suna shanyawa a rana, ya yi fari kewaye da bakin ramin kamar an baza a faifai. Mutane sun tone duk gidajen tururuwa na cikin gonaki tun farkon yunwa. Wannan kaɗai aka bari, don ba mai kai fartanya maƙabarta.

Suka share, suka ɗan tona. Tiya ɗaya da rabi suka samu. Iya za ta ƙara tonawa ya riƙe hannunta ya ce, "A bar musu nasu, su ma sun yi dako." Ta bari. Ta zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa da geron a zaninta, tana kallon kabarin. Ta san da tulun na ɗaki, da kwana goma ya yi ya ƙare, da yanzu duk gidan suna jiran bin Ɗanjuma. Ta kuma san da yaron ya sha kunu. Duka biyun ta sani, kuma har yau ba ta gaya wa kowa wanne ya fi nauyi ba.

Sun shuka. Ta ɗiba wa Baba Jatau tafi biyu, da wasu gidaje uku. Geron yanzu ya kai gwiwa, kuma an hana Nomau taɓa ko ganye ɗaya.

To ga abin da ya sa na ce kada a faɗi sunana. Yarinyar gidan nan, yayar Ɗanjuma, ta je tsinkar tafasa ranar da aka kai tulun, ta ga inda Nomau ya zuba irin. Ta sani tun ranar farko. Kullum sai ta zaga ta tsuguna a bakin ramin, in tururuwa ta fito da ƙwaya ta ƙwace ta tauna. Goma, ashirin, ɗanye. Tana cewa gobe za ta faɗa. Tsoro take kada a tone duka a raba ta rasa. Ranar da Iya ta kama ƙafar Kawu, wato Nomau, tana tsaye a bakin ƙofa da ɗanɗanon geron a bakinta. Shi an ce masa kada ya faɗa. Ita ba wanda ya ce mata komai.

Innata ba ta sani ba. Kullum sai ta ƙara mata tuwo ta ce ke kaɗai kika rage min, sai yarinyar ta karɓa ta juya baya ta

Ga takun Inna nan, bari in ɓoye