Farantin da Kaka Ta Cire Daga Injin Iska

"Lafiya ƙalau, in ka cire tarin nan da ɓarnar da ka yi min," in ji Kaka, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Shigo, maigidan da ba cefane."

Jikanta ne, mai gyaran lantarki, ya shigo da jakar aiki a kafaɗa. Tun da aka buɗe garejin manyan motoci a bayan tagarta hayaƙi ya mai da ɗakin nasa, tari ya sa ta a gaba. Ɗanta, uban yaron, ba mutum ne mai magana biyu ba. Ya ce yau da la'asar zai zo, in ya ga ɗakin bai gyaru ba, ta tattara ta koma gidansa. Ita kuwa a nan ta zauna da mijinta har Allah ya ɗauke shi, kuma ta fi son tarinta a ɗakinta da lafiya a ɗakin wani. Jikan ne ya roƙar mata lokaci, ya sayo mata injin tace iska.

"Uwargida, ke da na sayo wa iska sabuwa fil? Wace mace aka taɓa yi wa haka?"

"Mazan kirki na kawo zane, kai ka kawo akwatin da ke hura baƙin ciki. Dubi bangona!"

Ya duba. Bangon da ke bayan injin ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Farar rigar marigayi, wadda ke rataye a ƙusa tun ranar da ya tuɓe ta, ita ma ta koma ruwan toka.

"Innalillahi! Wa ya kawo shi nan? Ba tsakiyar ɗaki na ajiye ba?"

"Ni na matsar. Ka ce yana korar ƙura, na ce to ya fara da rigar kakanka."

"Ni ban ce yana kora ba, tsohuwa! Kamawa yake yi. Wani ɗan ƙarfin lantarki yake saki a cikin iska, ya manne wa ƙura da hayaƙi. Kin san yadda mataji ke ɗaukar guntun takarda in an goga shi a gashi? To haka suke komawa, sai sun sami abin liƙewa. Shi ya sa aka sa farantin ƙarfe a ciki, ya riƙa janye su." Ya buɗe bayan injin, ya tsaya. "Ina farantin?"

Kaka ta kau da kai.

"Kaka, ina farantin?"

"Ƙazamin abu! Na leƙa na ga ya yi dauɗa, na cire na dirje shi da toka. Ga shi can na rufe kwano da shi. Ni ba a barin ƙazanta a ɗakina."

"Dauɗar ai ita ce aikin! Abin da zai shiga ƙirjinki ne ya tare. Kin cire, ƙura ta rasa masauki, ta bi bango da riga. Garin gyaran gira kin rasa ido."

"Rufe min baki, ja'iri. Da can kishi kake da shi. Yana raye ba ka iya ƙwace ni ba, ya mutu ka turo inji ya ɓata masa riga."

"Ni da gawa? Wa zai yi kishi a kan matar da haƙoranta ke kwana a kofi?"

"Tsohuwar zuma dai da ita ake magani."

"Wannan zumar kam tari take yi."

Ta buɗe baki za ta rama, tarin ya riga ta. Ya daɗe yana jijjiga ta, har sai da ta dafa gado. Tsoro ya kama ta sosai, don ta san in ɗanta ya ji wannan, ya kuma ga bangon, magana ta ƙare.

Jikan ya daina dariya. Ya ɗauko farantin ya mayar, ya jawo injin tsakiyar ɗaki. "Ba a fafe gora ranar tafiya, amma bari mu gwada. Sai an wanke bangon nan kafin Baba ya zo. A sauke rigar."

"Ba mai taɓa ta."

"To ki zaɓa, ko a sauke riga ko a sauke ki."

Ya sa hannu ya cire rigar daga ƙusa. Inda ta rufe, bangon na nan fari tas: wuya, kafaɗu, hannuwa a sake, kamar mutum ya jingina yana jiran a kawo masa ruwa. Rabonta da ganin tsayinsa tun ranar da aka fita da shi.

"Bar min wannan," ta ce a hankali. "Goge sauran."

"In na goge sauran, shi ma ya tafi, Kaka. Baƙin ne ya fito da shi."

A waje wata babbar mota ta tashi, gilashin taga ya yi rawa. Kaka ta kalli bangon har idonta ya cika. Sannan ta yi wata 'yar dariya mara daɗi, ta jawo tsumma daga ƙarƙashin gado ta jefa masa.

"Goge shi. Yana raye ma bai iya zaman gida ba." Ta miƙa masa rigar. "Ungo wannan, ka kai wanki ka riƙa sawa. Ka ci nasara, mijin banza. Amma in za ka goge, ka fara daga ƙasa, wuyan ya zama na ƙarshe."