Yaƙin Nafi'u da Agogon Ƙirga Taku

Da sunan Mai Sama muke buɗe wannan babi, domin yau alƙalami zai zubar da hawaye kan tarihin Nafi'u ɗan Sabi'u, ɗan Mudi Mai Tireda, tsatson mutanen da tun kaka da kakanni ba a taɓa jin ɗayansu ya taka zuwa inda aike zai iya isa ba. Nafi'u Sarkin Benci, Garkuwan Inuwa, Giwar shagon cajin waya na Tudun Wadar Zariya! Bajimin da ko masallacin Juma'ar bayan layinsu sai ya tsayar da ɗan acaba.

Sai soyayya, wadda ba ta sallama kafin ta shiga zuciya, ta jarrabe shi da Nusaiba, ɗalibar aikin jinya, mai murmushin da ke sa namiji ya manta sunan unguwarsu. Ranar da ya nemi izinin turo magabatansa, ta dubi tumbinsa duba irin na likita, ta ɗaura masa wani baƙin agogo mai ƙirga taku a hannun hagu, ta haɗa shi da wayarta, sannan ta yanke hukunci: "Ranar da na ga taku dubu goma a yini ɗaya, ka turo. Ba zan auri hawan jini ina ji ina gani ba."

Ya ku ma'abota tarihi, ku gyara zama! Safiyar Asabar, bayan ruwan sama ya kwana yana zuba, jarumi ya yi ɗamarar jihadi: babbar riga ta shadda mai sitaci, hula zanna, da takalmi sau-ciki sabo fil. Kuma da yake mai mutunci ba ya barin rigarsa ta sha taɓo, sai ya tattare ta da hannun hagu, ya danne a ƙirji kamar garkuwa, ya ɗaga na dama ya yi kururuwa: "Yau ko ni ko kwalta!"

Rundunar 'yan acaba ta yi masa ƙawanya, kowa na "Oga, yau lafiya?", amma ya keta sahunsu bai ko waiga ba, ya tsallake kwatami tsallaken da mawaƙa za su daɗe suna jin kunyar rerawa, ya ratsa Sabon Gari gumi na kwarara kamar kogi a tsakiyar damina, takalmi na cin dugadugansa, zuciyarsa na ambaton Nusaiba, har Allah Ya kai shi Kwangila da ransa. Nan ya duba agogo. Ɗari huɗu da 'yan kai!

Wayyo, zuciyata! Jarumi bai san shu'umin agogon nan lilon hannu yake ƙirgawa ba, hannun kuwa tun safe yana liƙe a ƙirji yana gadin shadda. Cikin fushi ya ƙara damƙe rigar, ya juyo gida a ƙasa, agogo na kallonsa shiru kamar azzalumin alƙali.

Da la'asar ya zube kan bencinsa a majalisa, ya saki riga, ya fara ba abokai labarin gwagwarmaya. Kai, a nan fa aka ga Nafi'u na gaskiya! Hannu ya yi gabas ya nuna kwatami, ya yi yamma ya kori 'yan acaba, ya daki cinya, ya daki benci, ya tafa da wannan, ya tafa da wancan, ya sake ɗauko labarin daga farko don wanda ya zo a makare. Agogo kuwa ya farka, yana ta zuba lissafi kamar an ɓalle famfo.

A daidai lokacin Nusaiba na cikin Keke tana dawowa daga asibiti. Ta ga taku na hauhawa a wayarta, idonta ya ciko da ƙwalla, ta sauka don ta tari masoyinta a hanya. Ta iske shi a zaune, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ta tsaya bayan majalisa tana kallo, har agogo ya yi ƙara yana shelar nasara.

"Allahu Akbar! Na cika!" in ji Nafi'u.

"Sannu da tafiya," in ji Nusaiba daga bayansa.

"Nusaiba, wallahi har Kwangila na je! Tambayi su Ɗanjuma!"

Ɗanjuma, amininsa, ya sosa ƙeya. "To, mu dai a bakinsa muka ji."

"Ai na gani, yanzu ma kana kan hanya," ta ce. "Magabatanka su ƙara hutawa. Sai ka yi mako guda a jere, kuma ina biye da kai."

Haka aka tashi daga fagen fama. Bayan magariba aka ga Giwar Tudun Wada a tsakar gida, ƙafafu biyu cikin robar ruwan ɗumi da gishiri, dugadugai duk sun ɗaye, yana nishi. Sai agogo ya ɗan girgiza a hannunsa, cikin ladabi, ya sanar da shi cewa ya daɗe a zaune, ya kamata ya tashi ya ɗan motsa jiki.