Ranar da na yi wa Adama tafinta a Panya

Abubuwa da yawa sun zube mini daga kai, har sunan jika sai na kira uku kafin in dace da wanda nake nema, amma ranar da na yi wa Adama tafinta a Panya ba zan taɓa mantawa da ita ba. Na yi ƙoƙarin mantawar, ta ƙi.

Malamar ajinmu na yaƙi da jahilci ce ta ce kowace ta rubuto abin da ya taɓa samunta. Sauran tsofaffin duk Makka suke rubutawa. Ni ban je Makka ba, Panya na je, don haka ga shi. (In kun ga layi ya karkace ku yi haƙuri, hannun tuƙa tuwo ne, da tsufa ya haɗu da fensir.)

Jirgin ƙasa bai daɗe da fara tsayawa a Lafia ba mijina, Malam Ari maɗinki, ya ji labarin wani tsibiri a tsakiyar teku inda leburori suka yi yawa, maɗinka suka yi kaɗan. Ya ɗaure kekensa, ya ɗauke ni, muka bi jirgi har Fatakwal, daga nan Kalaba, daga nan muka hau ruwa. Amai na yi tun daga wannan gaɓa har waccan. Turawan can ba irin namu na Ingila ba ne, 'yan Sifaniya ne, ana ce musu 'yan Panya, tsibirin ma Panya ake ce masa, kuma ba abin da suka sa a gaba sai noman koko.

Muka zauna a gefen wata babbar gona. Malam yana ɗinki, ni kuma na kafa tukunya kusa da rumfar da ake shanya koko, ina sayar wa leburori shinkafa da kifin gishiri. A wannan rumfar na yi makarantata. Malamin nawa kuwa shi ne mai tsaron leburori, wanda suke kira kapatas, wani gajeren Bature mai tumbi da muka laƙaba wa Jan Wuya. Bai san yana koya mini ba. Tun safe har la'asar yana tsaye yana ihu, ni kuma kunnena a buɗe. In ya ce benga, mutum ya zo. In ya ce rafido, mutum ya ƙara sauri. In ya ce fuwera, mutum ya ɓace. Kafin shekara biyu na tara abin da na ɗauka harshe ne cikakke.

Kuma ba kalmomin kaɗai na ɗauka ba, har mutumin na haɗiye. Yana da wani kakin maƙogwaro kafin ya yi magana, yana da buga sanda a takalminsa, yana da tura tumbi gaba kamar mai ciki wata bakwai. Ran Lahadi in ba aiki sai in yi wa leburori Jan Wuya a tsakar bariki, Inyamurai da 'yan Kalaba da 'yan Kamaru suna faɗuwa ƙasa don dariya. Suka sa mini suna Mama Panya. Kaina ya kumbura ya fi tukunyata.

'Yan wajenmu ba su fi a ƙirga da yatsu ba a gonar. Cikinsu akwai Dogara, mutumin Kwandere, da matarsa Adama, wata doguwa marar yawan magana. Adda ta sare shi a ƙwauri, ciwon ya zama gyambo, ƙafar ta kumbura har tana wari. Saura wata biyu kwantaraginsa ya ƙare, amma duk wanda ya kalle shi ya san ƙafar ba za ta jira wata biyu ba. Akwai jirgin da zai tashi zuwa Kalaba ran Laraba. Abin da ake nema kawai mai gonar ya sa hannu a takarda ya sallame shi, ya koma gida a yi masa magani, ko aƙalla ya mutu cikin danginsa.

Adama ta zo wurina ran Asabar da yamma ina wanke tukunya.

“Yaya, an ce in je wurin akawu ya yi mini magana da Bature.”

Akawun ɗan Kalaba ne, ya yi makarantar fada ta 'yan coci, ya iya Panyanci na gaske har da rubutawa. Da na yi shiru na bar ta ta tafi, da yau ba ni da abin rubuta wa malama.

Na ce, “Ɗan Kalaba zai yi magana a kan ɗan ƙasar Lafia ina numfashi? Ya san Kwandere? Ki bar mini.”

“Za ki iya, Yaya?”

“Ki tambayi bariki.”

Malam yana jinmu daga kan keke. Da ta tafi sai ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, “Ke, kin taɓa jin yadda suke magana in suna tsakaninsu?”

Na ce, “Harshe ai ɗaya ne, Malam. Kai da ko sannu ba ka iya da shi ba.”

Ya ci gaba da taka kekensa. (Allah ya ji ƙansa, mutum ne da ba ya maimaita magana. Na daɗe ina ganin wannan aibi ne.)

Ran Lahadi bayan Turawa sun dawo daga coci muka hau gidan mai gona. Na ɗaura zanena na saƙi da na zo da shi daga Lafia. Muka tarar da shi a baranda da matarsa da baƙi uku, sun gama cin abinci, akawu yana tsaye a gefe da wasu takardu. Muka cire takalma, muka durƙusa yadda aka koya mana a gida. Mai gonar ya kalle mu ya ɗaga gira.

Na buɗe baki zan ce ranka ya daɗe, na laluba ban samu ba. Na nemi don Allah, babu. Na nemi ka taimaka, ka yi haƙuri, ka dubi maraicinta, duk babu ko ɗaya. Shekara biyu ina tara harshe, ashe a cikin buhuna ba kalmar roƙo ko guda, don Jan Wuya bai taɓa roƙon kowa ba. Mai hankali a nan zai juya ya ce akawu, zo ka taimaka. Yana tsaye taku uku daga inda nake. Amma Adama tana bayana, kuma na riga na ce ta tambayi bariki.

Sai na yi amfani da abin da nake da shi. Matsalar ita ce kalmomin nan ba sa fita a durƙushe, ban taɓa jin an faɗe su ƙasa-ƙasa ba. Na miƙe tsaye. Ban san lokacin da maƙogwarona ya yi kakin nan ba, ban san lokacin da hannuna ya bugi cinyata ba. Na ce wa mai gona da muryar yaronsa Jan Wuya, abin da in an mayar da Hausa zai zama: “Kai. Saurara nan. Dogara, ƙafa, ba kyau. Takarda. Maza. Yau, ba gobe ba.”

Na ga akawu ya rufe ido.

Matar mai gonar ce ta fara. Dariya ta ƙwace mata har ta toshe baki da hankici. Sai mai gonar ya nuna ni da yatsa ya ambaci sunan Jan Wuya na gaskiya, baƙin suka kwashe gaba ɗaya. Ya ce, “Otira bes.” Wannan na san shi, shi ake ce wa lebura in ana so ya sake ɗaukar buhu. Wato in sake.

Ga inda kunyar take, kuma zan faɗa tunda ba mai dukana yanzu. Daɗi na ji. Turawa biyar suna dariya saboda ni, 'yar Lafia mai kifin gishiri. Na ce a raina ai an gama, wanda ya yi dariya ba ya hana abu. Na sake, na ƙara gishiri. Na tura tumbi gaba, na karɓi sandar wani baƙo na buga a ƙafata, na yi musu Jan Wuya yana korar lebura, na yi Jan Wuya yana leƙa buhu. Sunan Dogara sau ɗaya ya fito daga bakina, tun farko, bai ƙara fitowa ba. Adama tana durƙushe a kan siminti duk tsawon lokacin, kanta a ƙasa.

Mai gona ya aika aka kira Jan Wuya. Ya zo da hularsa a hannu, ya tsaya a bakin matakala. Aka ce in yi a gabansa. Na yi. Shi ma ya yi dariya tunda maigidansa yana yi, amma wuyan nan nasa ya koma kamar gauta, kuma ba ni yake kallo ba. Adama yake kallo, yana son ya gane matar wa ce.

Da suka gaji, mai gonar ya share hawaye ya yi mini wata doguwar magana mai taushi. Ban taɓa jin Panyanci mai tsawo haka ba, ban kama ko kalma uku ba. Na gyaɗa kai kamar na gane. Matarsa ta miƙo mini wani biskit.

A hanya Adama ta ce, “Yaya, me ya ce?”

Na ce, “Ya yarda.”

“Takardar fa?”

“Gobe. Ki ɗaure kaya.”

Ta kama hannuna biyu ta yi ta sa mini albarka har muka isa bariki. Biskit ɗin ma na ba ta ta kai wa Dogara.

Da safe akawu ya zo sayen shinkafa, ya tsaya har mutane suka ragu. Ya ce da guntuwar Hausarsa, “Mama, kin san abin da Masa mai gona ya ce jiya? Ya ce maganar lebura ba nasa ba ne. Ya ce ku je ku roƙi kapatas.”

Kafin in rufe tukunya na hango Dogara a rumfa. Kwana goma yana kwance ba wanda ya kula shi, ranar Jan Wuya da kansa ya je ya taso shi, ya sa shi ɗaukar buhu. Yana jan ƙafa, ana ce masa rafido. Na san kalmar sarai.

Na je na sami akawu na ce ya koya mini yadda ake roƙo. Ya ce forfabo, wato don Allah, shi ke nan. Abu ɗan ƙarami haka, ko yaron goye zai iya. Na durƙusa gaban Jan Wuya na faɗa har bakina ya bushe. Ya yi kakinsa ya ce in yi masa wasan jiya tukuna, ai ya ji an ce na iya. Jirgin Laraba ya tashi. Dogara bai cika wata biyun ba. Malam ne ya ɗinka likkafanin, bai ce mini kanzil ba, ni kuwa da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mun dawo Lafia bayan shekara uku, Adama ta riga mu. Tana kawo daddawa kasuwa daga Kwandere, kuma ba ta taɓa fasa gaishe ni ba. Mutanen unguwa sun ji an ce na iya yaren Turawan teku, duk biki sai a ce in ɗan yi. Wata rana a gidan suna aka matsa mini, wata ta ce ƙarya ce ma ban iya ba. Adama tana zaune a bakin ƙofa. Ta ce, “Ta iya. Ni shaida ce. Har Turawa sun yi dariya.” Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

To ku da kuke zuwa ƙasashe yanzu kuna dawowa da baki cike da yare, ga abin da tsohuwa ta sani. Ku duba a bakin wa kuka ɗauko shi. In ba ku iya cewa don Allah da shi ba, kada ku ɗauki kukan wani ku kai gaban mai iko. Ku nuna masa akawu, ku koma kan tukunyarku.