Ranar da Na Yanke wa Injin Gyaɗa Wa'adi

Tun da aka maƙala wa injin matsar man gyaɗarmu na Tudun Wada na'urar da ke aika zafinsa da girgizarsa zuwa kwamfuta, na daina shawara da makanikai. Ina ruwana da masu kasa kunne a jikin ƙarfe, ni da nake karanta allo?

Wata Talata allon ya yi ja. Zafi na hawa, girgiza ba ƙaƙƙautawa. Na tsaya gaban mai kamfanin, haƙorana na haɗuwa, na ce, "Alhaji, injin nan ba zai kai Juma'a ba."

Aka tsayar da aiki. Malam Tanko, tsohon makanikinmu, ya kwance injin har la'asar, bai ga komai ba. Ya goge hannu ya ce, "Injiniya, wai ina na'urar take?"

Tana aljihuna. Da safe na cire ta zan canja batir, na manta. Zazzaɓin da ke kaɗa ni take ta aikawa.

Har yau in na yi atishawa, Malam Tanko sai ya ɗauko giris ya ce, "A tsayar da aiki, Injiniya ba zai kai Juma'a ba."