Yadda Na Mayar da Wan Kakana Bawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tafi Tsafe neman dangi ba, duk da na sha roƙon Allah Ya mantar da ni.

Kwana uku kafin mahaifina ya rasu a Gusau, ya riƙe hannuna ya ce, "Muna da mutane a Tsafe. Ni ban same su ba. Kai ka nema." Shi maraya ya tashi. Ubansa, Malam Isa na Furfuri, ya rasu yana ɗan shekara biyar, uwarsa ta taho da shi Gusau, zumunci ya yanke daga nan.

Bayan sadakar arba'in na buɗe akwatinsa na ƙarfe, na tarar da wasiyyar Malam Isa a naɗe cikin fata, rubutun ajami, tawadar ta koma ja. Ni kuwa ajamina na makarantar allo ne, wanda na bari tun ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Matata ta ce in kai wa limamin unguwarmu ya karanta mini. Na ce mata mutumin da ya yi shekara ashirin yana duba fayil a sakatariya ba zai kai takardar gidansu wani ya karanta masa ba. (Ku riƙe wannan maganar, ita ce ta kai ni ta baro.)

Na yi mako guda ina haɗa baƙi. Abin da na fitar shi ne: "Gonar bakin fadama ta bawana ce, na Tsafe. A mayar masa, ko 'ya'yansa."

Bawana! Sai na ji kaina ya ƙara girma. Ashe mu jikokin masu bayi ne.

Na tafi Bungudu wurin wani dattijo da mahaifinsa ya yi magatakarda zamanin En'e, yana ajiye da tsofaffin takardun ƙidayar gidaje. Muka yi ta buɗe shafuka masu warin ɓera har muka iso Furfuri. Ga shi nan da boko: gida ɗaya, maza biyu, Bawa da Isa. Dattijon ya ce, "Ka lura sunan Bawa ne a sama, shi ne maigida ke nan." Na ce ai kuskuren masu ƙidaya ne. Ya dube ni ta saman tabarau.

Da tambaya na gano zuriyar wani Bawa Bafurfure a Tsafe, na aika musu cewa jikan Isa na tafe.

Ban zaci abin da na tarar ba. An share ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, maza sun fi ashirin, har da limaminsu. An yanka rago. Aka fito da wata tsohuwa ana riƙe da ita, idonta ya tafi, aka ce Inna Hajo ce, 'yar Bawa ta ƙarshe da ta rage a duniya. Ni duk na ɗauka girmamawar bayi ce ga jikan ubangidansu. Allah Ya yafe mini.

Bayan an ci an sha, na miƙe na gyara babbar riga, na yi jawabin da na yi kwana biyu ina tsarawa. Na ce, "Ko da yake kakanku bawan kakanmu ne, mu ba mu ɗauki wannan a bakin komai ba. Zamani ya canja, yanzu duk ɗaya muke."

Wani ya ajiye ƙashin da ke hannunsa a hankali. Inna Hajo ta karkato kunne ta ce, "Mi ya ce?"

Ba wanda ya maimaita mata.

Liman ya miƙo hannu ya ce, "Malam, ba ni takardar." Ya karanta ta ba gargada, da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Gonar bakin fadama ta Bawa, wana, ce." Ya ɗago kai. "Bawa sunansa ne. Wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Wallahi na ga wannan "wa" ɗin sau biyu a jere tun a Gusau. Na ɗauka alƙalamin kakana ne ya yi tuntuɓe, na gyara masa.

Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Ina tsaye, riga ta jiƙe, na rasa yadda ake zama.

Inna Hajo ta ce, "Ku kawo min shi." Na durƙusa gabanta. Ta shafa fuskata da hannuwa biyu, ta tsaya a kunnuwana, ta ce, "Kunnuwan Baba ne wanga." Sannan ta ba da labari. Shekarar wata yunwa iyayen Bawa da Isa suka mutu, Bawa ya goya Isa a bayansa, ya yi ta noman ƙwadago yana ciyar da shi. Da Isa ya girma, Bawa ya bar masa gonarsa don ya zauna ya yi karatu, shi ya taho Tsafe. Har ya mutu yana cewa a nemo masa ɗan Isa.

"Ina shi ɗan Isan?" ta tambaya. "Bai taho ba?"

Na ce, "Inna, ya rasu. Shi ya aiko ni."

Hawaye suka fara bin kumatunta. Ni ma na fashe da kuka, ban san ko na mahaifina ba ne ko na kunya.

Na nemi gafara a gaban kowa. Na ce gona kuma tasu ce, kamar yadda wasiyya ta ce. Inna ta ce a bar wanda ke nomanta ya ci gaba, a riƙa raba amfanin gida biyu, don a sami dalilin zuwa wurin juna. Haka ake yi har yau. Ita ta rasu damina ta gaba, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararta.

'Yan'uwana na Tsafe sun yafe, amma ba su manta ba. Duk ranar da na je, tun daga bakin zaure ake shela, "Ku shimfiɗa tabarma, ga ubangidanmu ya iso!" Ni kuwa in sunkuyar da kai in shiga.

Abin da na koya: in mutum ya tafi tonon asali don ya gano wanda ya fi, to ya tafi da ƙaramar riga, don babbar ba ta da daɗin durƙuso.