Ɗigon Ƙaro a Kan Rimot

"…da zafin nan kuma? Ina ƙafar taki?"

"Ƙafa tana nan, ta fi taka ƙwari. Lale da mijin wahala. Kanon ce ta gaji da kai aka koro mini?"

"Cewa aka yi kin kusa, shi ne na zo in ga ko gumba ta samu."

"Gumbar da za ka ci ko geronta ba a shuka ba."

Da haka Ya Kaka ta tari jikanta Jamaluddeen a tsakar gidan ɗanta Ayuba da ke Bolewa, wata Laraba bayan azahar. Ayuba yana kara wurin cinikin shanu, amma ya bar saƙo. Wata bakwai ke nan da ya sa aka kafa masa dish, irin ƙaton nan na raga mai inji a bayansa, wanda in an danna rimot daga falo yake juyawa da kansa yana gurnani. Sau biyu injin yana ƙonewa ba a san dalili ba. Ayuba kuwa ba mai doguwar magana ba ne. Ya ce in ɗan 'yar'uwarsa da ya koyi wannan aiki a Kano bai gano ciwon yau ba, gobe mai walda zai zo ya ƙame dish ɗin wuri guda, inda ake ƙwallo da labarai, kowa ya huta.

Jamaluddeen ya ajiye jakar kayan aiki ya zagaya bayan dish ɗin. Ya duba wayoyi huɗun da suka tashi daga inji zuwa akwatin falo, biyu masu kauri, biyu sirara, duk lafiya ƙalau. Sai da ya ɗaga kai ya ga inda fenti ya goge a leɓen dish ɗin ta gabas, ga kuma guntun kaba maƙale a raga. Ya bi da ido har gindin dogonyaro, ya ga shatin igiya a jikinsa. Ya juyo ya kalli tsohuwar, wadda ta duƙufa tana tsince wake kamar an ɗauke ta aiki.

"Amarya, wa yake ɗaure dish ɗin nan?"

"Aljanu. Gidan nan cike yake da su, tun ranar sunanka suka tare."

"Aljanu da igiyar guga?"

"To, akuya ce."

"Akuyar da ta iya ƙullin zarge? Ai ita ya kamata in aura in sake ki."

"Aure ta mana. Dama gemunku ɗaya."

Ya matsa mata da tambaya, ita kuma ta yi ta zillewa. Ta ɗora wa iska, ta ɗora wa matar Ayuba, har ta ce ƙila dish ɗin ne ya ɗaure kansa don baƙin cikin zuwansa. Daga ƙarshe ta ture faifan waken ta amsa laifinta, amma irin amsawar da ba nadama a ciki. Ta ce ƙawarta Gumsu ta Hausari ce ta ba ta labari wai a akwatin talabijin na gidansu ta ga Ka'aba da idonta, mutane suna kewayawa. Tun daga ranar take lura da dish ɗin gidan nan, sai ta ga wani lokacin ya ɗaga fuska sama kamar mai kurkure baki, wani lokacin ya karkata yamma.

"Abin da ya ba alƙibla baya, ta ina zai ga Makka? Shi ne nake jawo shi da igiya in daidaita masa sahu. In na shiga falo sai in tarar da yayyafi kawai."

Jamaluddeen ya yi dariya har ya zauna a bakin turmi. Wato tsohuwa ta ɗaure ta manta, yara su dawo makaranta su danna rimot, inji ya ja, igiya ta ja, har abin ya ƙone. Ya ce da ta faɗa wa kawu tun farko ai da an sa mata tashar.

Ta jawo faifan waken ta ci gaba da tsincewa, shi kuma bai maimaita ba, don ya gane. Kakansa Mallam Kashim ya tafi aikin Hajji ta ƙasa shekara talatin da ɗaya da suka wuce, ciwo ya kama shi bayan an sauko Arfa, aka binne shi a can. Carbinsa kaɗai abokan tafiya suka dawo mata da shi. Tsohuwa irin Ya Kaka ba za ta buɗe baki ta ce wa ɗan da ta haifa tana marmarin ganin garin da mijinta yake kwance ba, ko da za ta mutu da abin a ciki. Ga shi yanar ido ta fara rufe mata gani, idon hagu ya riga ya tafi. Da jika kaɗai ake iya irin wannan magana, shi ma sai an naɗe ta cikin zagi.

"Au, ashe wurin abokin takarata kike son in kai ki? Ina raye, da ƙafata?"

"Kai har abokin takara ne? Mutumin da in ya yi atishawa a Hausari ake amsa masa a tasha? Kai ko inuwar rawaninsa ba ka cika ba."

"Ya tafi ya bar ki, ni na rufa miki asiri."

"Da me? Da wannan wandon mai kama da buhun gishiri?"

Ya canza abin da ya ƙone a cikin injin, ya ɗaure wayoyin, sannan ya ja labulen tagar falo yadda za su riƙa hango dish ɗin. Ya shimfiɗa mata tabarma dab da talabijin. Ya yi mata bayani cewa akwatin nan ba ido gare shi ba, takun injin kawai yake ƙirgawa, igiyarta kuwa ta ɓatar masa da lissafi, yanzu bai san gabas daga yamma ba. Dole a mai da shi can ƙarshen yamma ya soma ƙirga daga fari. Ta ce ashe danginsu ɗaya da akwatin, shi ma haka aka yi ta fama da shi a makarantar allo.

Ya danna. Dish ɗin ya yi gurnani ya kwanta yamma har iyakarsa, inuwarsa ta ja jiki a kan yashi. Sannan ya fara dawo da shi gabas, taku ɗaya-ɗaya. Ya gaya mata tun wuri kada ta sa ran zai sunkuya ya kalli alƙibla, don hoton Makka sama ake aika shi, wani tauraro ya tare, shi kuma ya sauko da shi.

Ta juya maganar a ranta. "To ba laifi," ta ce. "Addu'a ma ta can take bi."

Yayyafin allo ya yaye, wani Bature ya bayyana yana nuna taswira da sanda, ya ɓace. Wasu ƙarti suka bayyana suna kokawa, su ma suka narke. Ya Kaka ta gyara zama ta mai da shi direba, ta tambaye shi ina aka iso.

"Damaturu. Riƙe mayafinki, ba na tsayawa fitsari."

"Haka za ka bar matarka? Wuce Maiduguri, can su Mallam suka kwana uku suna jiran mota."

Daga nan ita ta karɓi tuƙin da baki. Duk ƙarar da injin ya yi sai ta kira gari, yadda abokan tafiyar Mallam suka lissafa mata a zauren makoki, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Gamboru, inda suka haye ruwa. Fallomi. Abashe, inda motarsu ta kafe a rairayi suka tura ta yini guda. Muryarta ta yi ƙasa, idonta a lumshe, kamar tana jin rairayin a tafin ƙafarta. Jamaluddeen ya rage saurin dannawa don kada ya riga ta. Wata mata ta fito tana waƙa da Larabci, ya ce ga kishiyarta nan a Hartum, ta ce ya wuce, ba ta gaisawa da mai buɗaɗɗen kai.

Suka isa bakin teku a lissafinta, allon bai nuna komai ba sai yayyafi. Ya ƙara taku biyar, babu. Ya dawo baya uku, babu. Ya san iyakar gabas ta kusa, in ya kai can babu sauran hanya.

"Jirgin ruwan ne bai zo ba," in ji ta a hankali. "Su ma kwana tara suka yi a Sawakin. Kada ka yi gaggawa, ɗan nan."

Tunda ya yi wayo bai taɓa jin ta kira shi da sunan da ba zagi ba. Ya sauke numfashi, ya taɓa maɓallin kaɗan, ya sake taɓawa. Sauti ne ya riga hoto isowa, muryar ladan doguwa mai sanyi. Sai yayyafin ya tattare, ga fitilu, ga farin dutse, ga baƙin Ɗakin a tsakiya, mutane suna ta kwararowa cikin sahu.

Ya Kaka ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta karkata kai ta ba shi idon dama. Ta daɗe a haka. Jamaluddeen ya yi maza ya adana wurin a lamba ɗaya, ya mai da ƙwallon kawunsa lamba biyu.

"Wace salla ce wannan?"

"Magariba."

Ta waiwaya ta dubi tsakar gida, rana tana nan fal a kan katanga, ko kaji ba su yi niyyar shiga akurki ba. Ya ce mata can suna gaba da mu da awa biyu.

"Halinsa ke nan," ta ce. "Ko a ɗaki shi yake riga ni tashi, sai ya idar da salla yake taɓa min ƙafa."

Ta share ido da bakin mayafi, ta ce hasken akwatin ne mai yaji. Bai ƙaryata ta ba. Ya fita ya ɗauko ɗan ƙaro a kwandon kayan ƙamshinta, ya jiƙa, ya ɗiga a kan lamba ɗaya, ya hura har ya daskare ya yi tudu. Ya kama yatsarta ya ɗora a kai, ya ce ko ranar da idon ya ƙi, ta lalubi tudun nan ta danna, kunne zai kai ta.

"Sharaɗi ɗaya, ki bar wa rijiya igiyarta."

"Kai kuma fa? Ba ka kishi?"

Jamaluddeen ya yi dariya ya damƙa mata rimot ɗin a tafin hannu, ya naɗe yatsunta a kai.

"Na janye, tsohuwa. Mutumin da ya riga ni da shekara talatin, ga kuma awa biyu a kai, ina zan kamo shi? Ki gaishe shi."

"Zan gaya masa direban ba shi da kyan gani," in ji ta, idonta na kan allo, "amma ya san hanya."