Rasuwar Ba-Ƙari, Ɗan Akwatin da Bai Taɓa Yi wa Kunne Ƙarya Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mai haɗa sautin tallan rediyo da ke zaune a hawa na biyu, ƙofar ƙarshe kusa da tankin ruwa, yake sanar da 'yan uwa, abokan sana'a da duk wanda aka taɓa gundura da labarin marigayin, cewa ɗan akwatinsa na sauti, wanda aka fi sani da Ba-Ƙari, ya riga mu gidan gaskiya. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a kan teburin cin abinci, tsakanin kofin shayi da sukundireba.

Ga waɗanda ba su yi sa'ar saninsa ba, marigayin bai wuce girman kwalin ashana ba. Aikinsa ɗaya ne: ya zauna tsakanin laftof da hedifon, ya karɓi sauti daga kwamfuta ya miƙa wa kunne yadda yake. Kafin zuwansa, ramin jona hedifon na jikin laftof ɗin ne ke wannan hidima, da wani huci na shuuu a ƙarƙashin kowace murya, kamar ana soya ƙwai a ɗakin maƙwabta.

Ba a ɗauko marigayin da garaje ba. Mai makoki, wato mai haɗa sautin, ya shafe watanni yana neman wanda ya dace, ya karanta gardamar mutanen intanet har idonsa ya yi ja, ya koyi duba zanen gwaji, inda layi miƙaƙƙe ke nufin na'ura ba ta son kai. An kawo masa wani mai kumbura ganga, mai sa kowace waƙa ta girgiza ƙirji, ya ce wannan maroƙi ne, yabo kawai ya iya. An kawo wani mai kaifi, wanda ke mayar da kowane "s" allura, ya ce wannan mai tsegumi ne. Sai aka kawo na uku. Ya jona shi, ya ji wani ɗan "ƙis", fitila koriya ta kama, sannan tsit. Bai ƙara gishiri ba, bai rage komai ba. Nan take aka raɗa masa suna.

Uwargida ta sa hedifon ɗin a ranar, ta saurara da kyau, ta ce ita dai ba ta ji wani bambanci ba. Mai makoki ya yi mata bayani har abincinsa ya huce cewa rashin jin komai ɗin shi ne abin da aka saya. Ta dube shi irin kallon da ake yi wa mai zazzaɓi.

Marigayin mutum ne mai gaskiya, in har za a kira akwati mutum. Ba ya tauna magana. Idan mai karanta talla ya haɗiyi yawu, sai ya faɗa. Idan kujera ta yi ƙara a bayan ɗaki, sai ya faɗa. Ranar da mai makoki ya naɗi muryarsa yana rera waƙa, marigayin ya mayar masa da ita ba ko kara, kuma tun daga ranar gidan ya samu zaman lafiya. Bai taɓa zafi ba, bai taɓa cinye batir ba, ya yi tafiya a aljihun riga zuwa ɗakunan naɗi da yawa ba tare da ƙorafi ba. Da shi mai makoki ya yi ta cika baki a gaban abokan aiki, waɗanda ke kiransa Sarkin Kunne, sarautar da shi ya naɗa wa kansa.

Rashin lafiyar ta fara ne sannu a hankali. Mai makoki ya lura ɓangaren hagu ya yi ƙasa, kamar mai magana ya ja baya kaɗan. Sai ya riƙa ƙara wa hagu ƙarfi a duk aikin da ya haɗa, har ya ji ya daidaita. Haka ya yi ta miƙa ayyuka yana murna, har ranar da mai kamfanin sabulu ya bugo waya a fusace, ya ce ya saurari tallansa a mota, matar da ke yabon sabulun ta tattara ta koma ƙofar hagu gaba ɗaya, in ba a gyara ba zai kai aikinsa wani wuri. Mai makoki ya yi ta ba shi haƙuri, domin da kunnen nan yake ciyar da gidansa.

Aka shiga neman mai laifi. Ya canja wayar da ke jona akwatin, babu sauyi. Ya aro hedifon ɗin abokin aiki, hagu na nan a kwance. Ya zagi laftof, ya goge manhaja ya sake sawa. Da kowa ya wanke kansa, sai zargi ya sauka kan Ba-Ƙari, wanda ba shi da bakin kare kansa. Mai makoki ya kalli bidiyon gyara guda a intanet, ya naɗe hannun riga, ya kwance notuna. Marigayin bai yi gardama ba. Da bakin sukundireba ya zame, sai ya yi "ƙis" ɗinsa na ƙarshe, fitila koriya ta mutu.

Mai makoki ya share gumi, ya jona hedifon kai tsaye a laftof don ya ƙarasa tallan sabulu. Hucin nan na da ya dawo, amma hagu na nan yadda take. Uwargida, wadda ta zo ɗauke kofi, ta tsaya ta dube shi, ta zare hedifon ɗin daga kansa, ta juya shi, na dama ya koma hagu, ta mayar masa. Ya saurara. Raunin bai bi hedifon ba, ya tsaya cak a inda yake. Ta tuna masa a hankali cewa ta daɗe tana kiransa ta wannan gefen ba ya amsawa sai ta zagayo, kuma kullum cewa yake aiki ne ya ɗauke masa hankali.

Washegari likitan kunne ya sa shi a wani ɗan ɗaki, ya gwada shi, ya nuna masa zane. Mutumin da ya shafe watanni yana neman layi miƙaƙƙe ya ga nasa layin na hagu yana gangarowa kamar matakalar bene. Ya ji tsoro, kuma har yanzu yana ji. Ashe marigayin lafiyarsa ƙalau. Gaskiya ya faɗa kamar yadda ya saba, aka yi masa tiyata a kanta.

Ya rasu ya bar hedifon guda, abokin zamansa, wanda soson kunnensa ya fara saɓulewa. Da laftof da aka zaga ba da hakkinsa ba. Da gajeriyar waya. Da kwalinsa na asali, da ba a taɓa yarda a jefar ba. Ya kuma bar tallan sabulu, wanda aka gyara aka miƙa bayan uwargida ta saurara ta ce ya zauna daidai. Ita ce yanzu ke jin kowane aiki kafin ya fita, matar da aka ce ba ta da kunne. Sarkin Kunne ya yi murabus.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe, a aljihun teburin da ke ƙarƙashin talabijin, inda tsofaffin caja da wayoyi ke kwance. Za a gama da wuri, domin mai makoki zai koma asibiti a gwada masa abin taimaka wa ji. Ya riga ya fara binciken wanne ne ba ya ƙara gishiri, shi ya sa uwargida ta ƙwace laftof ɗin har sai an dawo.

Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su zo da shawarar sabon akwati, kada kuma su zo da sukundireba. Duk mai ta'aziyya ya zauna ta hannun damansa, ya ɗan ɗaga murya. Kujerar hagu ta uwargida ce. Ta ce ita ba sai ta yi magana ba, hannunsa kawai za ta riƙe.